Tafiyar Pan Ɗaya

"Wa alaikumus salam, Bhabi, wa rahmatullahi... amma tsaya tukuna. Ke ce da kanki, ko gawarki aka turo mana a jirgin azahar?"

Da wannan Absar, ƙanin mijina, mai kirana Bhabi, wato matar wa, ya tarbe ni a gadar jirgi ta tsibirin Moheshkhali, a gaban jama'a, ban ko gama ciro ƙafa ta biyu daga cikin jirgin ba. Ya riga ya zaga dangi da nasa labarin na abin da ya faru ranar, kuma rabinsa ƙarya ce. Ga yadda aka yi.

Ɗana Minhaj ya ga yarinya, Marufa, 'yar ƙauyen Tetulpara, makaranta ɗaya suke koyarwa. Ubanta, Sirajul Mostafa, ya aiko cewa mu kai pan, ganyen da ake taunawa, da sukari na neman aure ranar Alhamis bayan la'asar. Ya kuma tabbatar maganar ta iso kunnenmu cewa wasu mutanen Catgaon za su zo ranar Juma'a da irin wannan bukata. Wato in ba mu yi abin kirki yau ba, gobe wasu su yi. Baban Minhaj kuwa bai ga makon da zai zame a banɗaki ba sai wannan. Yana kwance a gida, baya ya riƙe. Shi ne aka haɗa ni da ƙaninsa da ke zaune a tsibirin yana gyaran injin jirgi: shi ya yi magana a madadin uba, ni in kawo kwando.

Na ce, "Gawar taka dai. Miƙo hannu, ja'iri, kana kallo ruwa zai tafi da ni."

"Wane ruwa ne zai iya? Tun daga nesa muka hango jirgin ya karkata gefe guda, muka ce ko siminti aka ɗoro."

"In na yi ƙiba a tukunyata na yi, tukunyar da ka ci har ka yi gemu. Kai me ya hana ka? Dube ka, kamar kifin da aka shanya aka manta."

"Tunaninki ne, Bhabi. Tun ina ɗan shekara tara nake jiran Bodda ya gaji ya bar min ke. Yanzu da bayansa ya tafi, ai layi ya zo kaina."

"Wan naka yana kwance ma ya fi ka kana tsaye. Ni da na cire maka kwarkwata da hannun nan? Kira min mai keken riksha."

"Riksha zuwa Tetulpara? Titin mota sai ya zagaye dutse kaf, ki isa ana sallar isha. Ta hanyar ƙafa kuwa, ai pan ɗaya ce."

Mutanen tsibirin nan ba su san mil ba, ba su san minti ba. Ka tambayi nisan wuri, a ce maka pan ɗaya, pan biyu. Wato ka sa ganye a baki, kafin ka gama taunawa ka isa. Ni haifaffiyar Koks Bazar ce, na yi makaranta har aji goma, kuma tun da nake ban taɓa sa abin nan a bakina ba. Haƙorana na nan farare, mai shakka ya zo ya duba. Na yi lissafi a raina: ganye guda, ai bai wuce minti biyar ba. Na ce mu je.

Ya karɓi kwandon, ya ɗaga ƙyallen da na rufe shi da shi. Ya tsura wa ganyen ido.

"Wa ya sayo ganyen nan?"

"Ni."

"Da idonki?"

"A'a, da naka, aro na yi. Kasuwa na shiga da ƙafata na zaɓo manya-manya, kore shar, ɗauri huɗu. Mai sayarwar ma ya ce ban da ni ba wanda ya san na kirki duk yinin."

"Masha Allah," in ji shi. "Masha Allah. Aji goma ba wasa ba."

Kafin in ankara ya zare guda.

"Kai! Na surukai ne!"

"To da me za mu auna hanya? In ba a tauna ba ai ba a isa."

Ya ciro 'yar gwangwaninsa daga ƙugun lungi, zanen da maza ke ɗaurawa, ya lakato cun, kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa mai ƙuna baki, ya shafa wa ganyen, ya jefa ɓarin supari, wata ƙwaya mai kama da goro, ya naɗe, ya cusa a kunci. Muka kama hanya. Gadar nan doguwa ce, ruwa ya janye, laka ce hagu da dama sai ƙaguwa na ta guje-guje. Ba mu kai ƙarshenta ba na ji ya tofar.

Na ce, "Pan ɗaya ya ƙare. Ina Tetulpara?"

"Wannan na gaisuwa ne. Ba a ƙirga na gaisuwa."

Ya zari wani. A bayan kasuwa ya tofar da shi.

"Biyu."

"Wannan na bismilla ne. Ke Musulma ce kuwa?"

"Absar, zan cire takalmin nan."

"Da kin taimaki kanki. Tun ɗazu nake son in tambaya: neman auren nan wa Minhaj kika zo yi, ko wa kanki? Mace mai jika a hanya da takalmi mai tsini! Duk inda kika taka rami kike bari, gobe a ce an shuka wake."

"Ɗana ya sayo min. Kai naka ɗan me ya taɓa sayo maka?"

"Shekararsa shida, Bhabi."

"Da alama haka zai ƙare, ɗan gado ne."

Gaskiya hanyar ba ta da wuya. Shimfiɗaɗɗiya ce, a kan tudun da aka yi don tare ruwan teku, ga iska tana kaɗawa. Da da mutum nake tafiya da na ji daɗinta. Muka shiga gonakin gishiri, fari fat har ido na ciwo. Wasu maza biyar suna ta jan gishiri da katako suna tarawa. Absar ya tsaya ya ɗaga murya kamar mai shela.

"Jama'a, sannunku da rana! Ga Bhabina daga birni! Mijinta ya faɗi a banɗaki, shi ne ta yi alwashin sadakar pan ga mutanen farko da ta gani suna gumi!"

Ya ɗauki ɗauri guda cur ya miƙa.

To ku faɗa min, ya ake karɓe sadaka daga hannun mai gumi? Mutanen suka ajiye katakai suka ɗaga hannu. Babbansu ya yi ta addu'a Allah ya miƙe bayan baban Minhaj ya zama kamar sandar jirgi, Allah ya tsare shi daga santsin banɗaki, na gida da na waje. Ina cewa amin ina cizon haƙora. Na dai lura ba wanda ya sa ganyen a baki. Ɗaya ma soke nasa ya yi a bayan kunne. Na ɗauka girmamawa ce.

Muna yin gaba na cafko gefen rigarsa.

"Uban wa ya yi alwashi?"

"Ba kya son Bodda ya warke? A'a, faɗi gaskiya, ba kowa a nan. In ni kike so, sai mu koma mu ce su warware addu'ar."

"Saura ɗauri uku. In ka sake taɓawa, a gishirin nan zan turmuza ka a shanya ka tare da 'yan'uwanka."

"Uku ma ai almubazzaranci ne. Lokacin da aka je neman naki, ganye bakwai aka kai, babanki ya maido da biyu ya ce ya yi yawa."

"Ƙarya kake, kana ina lokacin? Majina na zuba."

"Ni na riƙe kwandon. Har ya ce a haɗa mana da akuya in za mu tafi da ke a ranar."

"Pan na nawa ke nan a bakinka?"

"Na farko."

"Absar!"

"Wallahi na farko a wannan kuncin."

Can gaba wajen masu shanyar kifi, wata tsohuwa tana zaune tana jera kifi a kwando. Ya durƙusa yana ce mata Nani, wato kaka, yana tambayar yaushe za ta amsa masa maganar aurensu. Ta ce sai ya yi nama. Ina tsaye ina daɗin an rama min, sai kawai na ga ɗauri na biyu a cinyarta. Tsohuwar ta ɗaga ganye ɗaya, ta murza, ta sansana, ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yata, wa ya yi muku laifi?"

Ban gane ba. Kafin in buɗe baki Absar ya ce rana na yi, ya yi gaba da kwando. Da na waiga, wallahi, shimfiɗa ganyena take yi a ƙasan kwandon kifi.

Daga nan na daina yi masa magana. Shi bai daina ba. Ya ba ni labarin yadda a bara wani baƙo ya yi wannan hanyar da rabin pan. Ya ce ni ce nake ja wa hanyar tsawo da nauyina, tana miƙewa kamar roba. Ya nuna min wata bishiyar kwakwa ya ce daga can sai kwana ɗaya. Muka isa, ya ce ba ita ba, ƙanwarta.

Sai ga mu a bakin wani rafi, da gadar gora a kai. Gora biyu: ɗaya ta ƙafa, ɗaya ta hannu.

"Ba zan hau wannan ba."

"Mata masu ciki na hawa da tulu a ka."

"Su suka sani."

"To zauna. Zan je in ce wa Mostafa Shaheb uwar ango na nan bakin rafi, a kawo mata Marufa ta gani daga ƙetare."

Na cire takalmi na riƙe a baki, na tattare sari, na hau ina karanta duk abin da na haddace. Yana gabana da kwando a ka, yana tafiya da baya, yana cewa, "Kada ki dubi ƙasa, dubi kyakkyawa." Muna tsakiya na ji ɓal. Ɗauri na uku ya faɗa ruwa, ganyaye suka baje suna bin rafi.

"Inna lillahi! Iska!"

Ba iska ba ce. Da idona na ga hannunsa. Takalmi na bakina, shi ya sa bai ji abin da na ce ba, kuma gara da bai ji ba.

Muna sauka na ƙwace kwandon na duba. Sukari na nan, supari na nan. Pan kuwa rabin ɗauri, shi ma duk ya yamutse. Ga rufin gidajen Tetulpara can a gindin dutse, ga rana ta karkata. Na nemi wani kututture na zauna.

"Tashi, Bhabi, an kusa kiran la'asar."

"Ba inda za ni."

"Ƙafa ce?"

"Wasa muke yi da kai tun kana yawo ba wando, ban taɓa ƙullatarka ba. Ka sa min kwaɗo a tukunyar ruwa, na yi dariya. Ka ce wa likita ni ce uwar yayanka, na yi dariya. Amma yau ba da ni ka yi ba, da Minhaj ka yi. Yaron nan da asuba ya raka ni har jirgi, shi ya ɗaure ƙyallen nan da hannunsa. Bai iya cewa komai ba sai, Umma, ki yi a hankali. Shekara biyu yana son yarinyar nan bai faɗa wa kowa ba. In shiga gidan mutane da rabin ɗauri kamar mai bara? Gobe 'yan Catgaon su zo da tire-tire? Me zan ce masa?"

Ban yi kuka ba. Ya ce wa dangi na yi kuka. Gishiri ne ya shige min ido.

Ya tsuguna a gabana. Ya zari ganye ɗaya daga abin da ya rage, ko cun bai shafa ba, ya miƙo.

"Tauna."

"Ba na ci."

"Na sani. Yau dai ɗaya. Don Minhaj."

Na karɓa na gatsa. Ya Rabbi! Kamar na tauna ɗanyen barkono da aka jiƙa a kananzir. Hanci ya ɗau zafi, kunne ya ɗau zafi. Na tofar, na ci gaba da tofarwa.

"Mene ne wannan?"

"Abin da kika zaɓo da idon aji goma. Ganyen yaji ne, na ƙetare, wanda direbobin manyan motoci ke ci don kada barci ya ɗauke su. Ni na ci bakwai yau saboda ɗanki, harshena ya mutu, a rubuta min lada. Kin san wane ne Sirajul Mostafa? Rumfar noman pan goma sha ɗaya gare shi a jikin dutsen can, duk mai zaƙi. Mutumin da ke sanin gonar da ganye ya fito da ƙanshi kawai. A garin nan, in ka shiga gidan yarinya da ganyen yaji ranar pan da sukari, magana ɗaya ka faɗa: ɗanmu ne ya matsa, mu ba ma so. Ba zai ce miki komai ba. Zai karɓa da hannu biyu, ya ba ki shayi, ya raka ki har ƙofa. Gobe ya ba 'yan Catgaon."

Na tuna mai soke ganye a kunne. Na tuna tsohuwar kifi.

"Pan ɗayan fa? Ita ma ƙarya ce?"

"Pan ɗaya ce cif. Da ganyenmu. Ki sa shi a kunci ya yi awa guda yana hira da ke. Naki ne ba ya zama a baki."

"To me ya hana ka faɗa min tun a gada, munafuki?"

"Bhabi, ranar da na ce gishiri ya yi yawa a miyarki, kwana bakwai kika yi kina ƙarawa. Da na ce ganyenki bai yi ba, da ƙwace kwandon za ki yi ki shiga da shi da gudu, ki kuma faɗa wa mutumin cewa mai kasuwa ya yaba."

Gaskiya ya faɗa. Amma ba shi ke da ikon faɗinta ba.

Ya ɗauki kwandon, ya juye sauran ganyen ga wata akuya. Akuyar ta sansana ta yi gaba. Ya dube ni, na ce in ya yi magana sai na kashe shi. Muka bar hanya muka ɗan hau gefen dutse, zuwa rumfar wani abokinsa Kashem. Ciki duhu-duhu da sanyi, ganye na hawa sanduna layi-layi. Absar ya yi masa raɗa, Kashem ya dube ni ya kau da kai yana danne dariya, ya shiga tsinka. Ƙanana ne, masu laushi, launinsu bai kai nawa kyau ba ko kusa. Ya jera ɗauri shida, ya yayyafa ruwa, ya ƙi karɓar komai. Wai Absar ne ke tashin injin ban-ruwansa duk lokacin da ya mutu.

Na miƙa hannu zan ɗauki kwando, Absar ya dafe.

"Da sharaɗi."

"Ana kiran salla, ɗan banza."

"Shi ya sa za ki yi sauri. Ki naɗa min pan da hannunki, yadda ake yi wa maigida. Ki miƙo da hannu biyu, ki ce, Absar Bhai, ka fi ni sani. Kashem, kai ne shaida."

"Bhai? Kai? Na girme ka da shekara tara!"

"'Yan Catgaon da mota za su zo, an ce."

Ban taɓa cin pan ba, amma shekara ashirin ina naɗa wa surukata, Allah ya ji ƙanta. Daga tsibiri ake aiko mata ganyenta, nawa naɗi ne kawai. Na san adadin cun da ke sa daɗi, na kuma san adadin da ke saɓule fatar baki. Ga tukunyar cun ta Kashem a bakin rumfa. Na juya musu baya kamar mai kunya. Na lakato, na ƙara, na sake ƙarawa, na rufe da ganye na biyu, na yi masa naɗi mai kyau irin na amare. Na miƙa da hannu biyu.

"Absar Bhai, ka fi ni sani."

"Kashem, ka ji? A sake, iska ta ɗauke rabi."

"Ci dai."

Lissafina shi ne ya ci a nan, ya yi tsalle-tsallensa, ya kurkure baki a rijiyar Kashem, mu tafi an yi kunnen doki. Sai mutumin nan ya ɗaga pan ɗin yana juya shi kamar zinariya, ya sa a aljihun riga.

"Wannan ba na daji ba ne. Sai a ƙofar surukai, in shiga da ƙanshin hannun Bhabi."

Suka tsaya masallacin bakin gari shi da Kashem, ni na yi tawa sallar a gidan wata mata. Muna fitowa na ce, "Absar, ba ni pan ɗin nan in sake maka wani."

"Kin fara nadama? An riga an shaida."

"Kada ka ci, na ce."

"Kishi kike kada matan Tetulpara su ga jan bakina."

"Wallahi kada ka ci!"

Muna ƙofar gidan Sirajul Mostafa ya jefa shi a baki gaba ɗaya, ya datsa da turmi, ya yi sallama.

Aka shigar da ni wajen mata, bayan labule. Maza na baranda: maigidan, dogo mai furfura, ba ya yawan motsi, da wansa, wani tsoho mai nauyin kunne, da wasu dattawa biyu. Uwar Marufa na yi min sannu da hanya, ni kunnena na waje. Na ɗan ja labule. Absar na zaune a kujerar baƙo, ido ya yi ja, hawaye na bin kumatu, ga kwando a gabansa. Ba damar tofarwa a barandar surukai. Haɗiyewa ya yi.

Maigidan ya ce, "To, Absar Shaheb, muna saurare."

"Ahhalamu alaikum. Mun... mun ho..."

"Na'am?"

"Mun ho neman iyi."

Neman iri yake son cewa. Tsohon mai nauyin kunne ya karkato. "Me ya ce? Biri? Sun zo neman biri?"

"Iyi! Iyi!"

"To ai birai na kan dutse, me ya kawo su nan?"

Ba wanda ya yi dariya. Sirajul Mostafa ya dubi Absar, ya dubi yawun da ke bin gemunsa, ya dubi dattawan. Na ga abin da yake tunani, rubuce yake a goshinsa: gidan da suka turo min mashayi. Ya gyara zama, ya ce a kawo wa baƙo shayi.

Shayi. Na ji kalmar har tafin ƙafata. Ban san lokacin da na bankaɗe labulen ba.

"Assalamu alaikum, Mostafa Shaheb. Ni ce uwar Minhaj. Na san nan ba wurin zamana ba ne, a yi min afuwa. Ubansa na kwance da ciwon baya. Ƙanin ubansa ga shi, ba abin da ya sha, ni na cika masa pan da cun, kuma ya cancanta. Tun da ba mai magana, ni zan yi. Ɗana na son 'yarka. Albashinsa na malami ne, ba zan ƙara masa ko sisi a baki ba. Gidanmu ɗaki uku ne, ɗaya na yoyo. Ganyen nan ma ba ni na zaɓo ba, wanda na zaɓo akuya ta ƙi shi. Ni kuma ina da faɗa, gara ka ji daga bakina kafin maƙwabta su faɗa maka. Amma in ka ba mu Marufa, ba za ta kwana da yunwa ba, ba mai hana ta aikinta, kuma duk wanda ya taɓa ta a danginmu, ga misalinsa nan zaune."

Na nuna Absar. Shi kuma, Allah ya shirye shi, ya gyaɗa kai da ƙarfi yana nuna bakinsa.

Sai daga bayan labule wata ta tuntsire da dariya, uwar Marufa ce, ta kasa riƙewa, sauran mata suka kama. Maigidan bai yi ba. Ya jawo kwandon ya ɗaga ƙyalle, ya zari ganye ɗaya, ya ɗaga shi ga haske, ya sansana.

"Na Kashem ne. Ya yi saurin tsinka da kwana uku, kullum ina faɗa masa."

Ya shafa cun ɗan kaɗan da kan farce, ya sa supari, ya naɗe a hankali kamar ba mai jiransa. Ya sa a baki. Ya tauna sau ɗaya, sau biyu.

"A kawo kujera. Zauna, Beyain."

Beyain. Ba a kiran mace da sunan nan sai an ba ɗanta 'ya. Kujerar ta iso, na zauna.

Tsohon ya ce, "An ba su birin?"

"An ba su," in ji maigidan. Sai a lokacin gefen bakinsa ya motsa. "Amma Beyain, tun da mun zama abokan wasa daga yau, in na zo gidanki kika tashi naɗa min pan, ki bari in sa cun da kaina."

"In ka zo da ladabi ba abin da zai same ka, Beyai."

Nan baranda ta ɗauka. Absar ya so ya yi dariya, bakin ya ƙi, sai wani gurnani ya fito. Ya ɗaga hannu biyu sama, ya juyo gare ni, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Bhabi... kin hi. Wayyahi kin hi."

"Ban ji ba. Sake, da ƙarfi, dattawa su shaida."

"Kin hi!"

An sare min ɗanyar kwakwa an ajiye a gabana, mai sanyi, ga ƙishi kamar in mutu. Na tura masa ita. Ba tausayi ba ne, kada wani ya ce tausayi ne. Akwai zaman sa rana a gaba, kuma ina bukatar bakin nan ya warke kafin Talata.